Wasiƙa Daga Katsina: Halin da Masu Zoɓo da Kunun Aya Suke Ciki

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin ƙasar Jamus bai takura muku ba. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Na samu saƙonka, inda ka ba ni labarin ƙananan masana'antun giya na garin da kake zaune, da yadda annobar korona da tsadar makamashi bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022 suka jigata su, har ka tambaye ni ko akwai makamancin haka a gida. Kamar yadda ka sani, tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar nan a shekarar 2000, giya ba sana'ar da ake yi a fili ba ce. Sai dai muna da namu masu haɗa abin sha da hannunsu, wato masu zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da fura da nono, waɗanda akasarinsu mata ne da ke sana'ar a cikin gidajensu, kuma labarinsu zan ba ka.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ciniki bai ragu ba, a ganina ma ƙaruwa ya yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta karye, lemon kwalba ya fi ƙarfin talaka, sai 'yan acaɓa da leburori da ɗalibai suka koma wa zoɓo. Hatta a wajen biki ko suna, uwar biki ta gwammace ta ba maƙwabciyarta aikin robobin zoɓo a kan ta sayi katan-katan na lemo. Riba ce ta tsuke, domin kusan kowane abin haɗi yana da tasa matsalar. Yawancin ayar da muke gani daga yankin Maraɗi take shigowa, to da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, hanyar Jibiya ta toshe har zuwa Maris ɗin 2024, aya da dabino suka yi tsada. A daminar 2023 ce kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, musamman wajajen Kachia, har citta ta zama abin da ake sayarwa a ɗan ƙulli. Shi kuwa zoɓo, da mai sana'a da 'yan kasuwar da ke tara shi suna fitarwa zuwa Meziko duk mudu ɗaya suke tayawa, kuma ka san wanda zai fi ƙarfi. Batun sukari ba sai na faɗa maka ba. Masu fura su ma suna kuka, saboda satar shanu da hare-haren 'yan bindiga a wajajen Batsari da Safana da Ƙanƙara sun rage nono, sun kuma hana manoma da yawa shuka gero.

Amma babban abin da ke karya mai wannan sana'a shi ne neman sanyi. Kunun aya ba ya da haƙuri: an jiƙa aya ta kwana, an kai markaɗe tare da dabino da kwakwa, an tace da ƙyalle, to idan bai samu sanyi ba, kafin la'asar ya fara tsami, robar ta kumbura. Akwai wata baiwar Allah a layinmu da ke riƙe da marayu da wannan sana'a. Lokacin da Arewa ta shiga duhu na kwanaki a ƙarshen Oktoban 2024, na ga ta fito da bokitai biyu ta tuttular a kwata, jarinta ke nan ya bi ruwa. Tun daga nan ta daina yin da yawa. Da asuba take haɗa iyakar abin da ta san zai ƙare, ta sayi ƙanƙara ta farfasa a kula, ta lulluɓe da buhu, yaro ya kai bakin titi. Waɗanda ke da ɗan ƙarfi sun shiga adashi sun sayi firiza mai aiki da sola, kuma na lura wasunsu yanzu ribar sayar wa 'yan'uwansu ƙanƙara ta fi musu ribar kunun.

Dabarar da ta fi yawa ita ce rage girman roba a bar kuɗin yadda yake, domin mai saye ya fi jin zafin ƙarin kuɗi a kan ragin awo. Wannan ban ga laifinsa ba. Abin da nake ƙi shi ne masu tsuga ruwa su rufe da sinadarin zaƙi da kala, wanda kana kurɓa za ka ji ɗaci-ɗaci ya tsaya maka a maƙogwaro, da kuma masu tsince robobi a juji ba tare da sun wanke su da kyau ba. Irin waɗannan ba sa daɗewa a unguwa, domin mutane sun san hannun kowa. 'Yan matan da suka yi karatu kuwa sun ɗauki wata hanya dabam: suna sayen sabuwar roba, su liƙa takarda mai sunan sana'arsu, su yi talla a WhatsApp, a biya su ta waya, wasu har suna neman rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, domin manyan kantuna su karɓi kayansu. Nasu ya fi tsada, ma'aikata da masu hali ne ke saye.

Yanzu dai kowa azumi yake hange, domin a watan ne mai zoɓo ke biyan bashin mai sukari da mai markaɗe. Tun yanzu masu hali sun fara sayen busasshen zoɓo da aya suna ajiyewa kafin farashi ya tashi.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini,
daga Katsina.