Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Gina wa 'Yan Matanmu Makewayi da Ɗakin Kula da Lafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Daga kwamitin iyaye da malamai, zuwa ga iyayenmu maza da mata, limamanmu, tsofaffin ɗaliban wannan makaranta, da duk wani bawan Allah da saƙon nan ya isa gare shi.

Makewayin 'yan mata ya rushe. Ruwan saman da aka tafka ne ya ci gindin bangon baya, bangon ya zauna, rufin ya biyo shi. Allah Ya kiyaye da dare abin ya faru, babu kowa a ciki. Ɗaki ɗaya tak ya tsira, shi ma ƙyaurensa ya ɓalle, jingine shi ake yi. Yarinya idan za ta shiga sai ta roƙi ƙawarta ta tsaya a bakin ƙofa, ta juya baya, ta baza hijabinta da hannu biyu ta kare ta daga idon masu wucewa. Famfon da ke gefe ya daɗe da ƙafewa. Buta biyu ce ke yawo tsakanin azuzuwa, ɗaya ma ta fashe a gindi, kafin a kai ta rabin ruwan ya tsiyaye. Wanda yake ganin mun ƙara wa zancen gishiri, ƙofar makaranta a buɗe take, ya zo ya gane wa idonsa.

Akwai 'yan mata da dama da suka daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama su a makaranta. Haka za su wuni da ƙishi, kai na ciwo, malami na bayani hankalinsu na kan ƙararrawar tashi.

Abin da ya fi wannan tayar mana da hankali yana cikin rajista. Wata malamarmu ta buɗe mana rajistar manyan azuzuwa, ta bi sunaye da yatsa. Yarinya mai ƙoƙari, ba ta makara, ba ta fashi, amma duk wata sai ka ga kwana uku ko huɗu a jere babu ita. Wata mai zuwa ma haka, kusan a ranakun nan dai. Iyaye mata sun riga sun gane abin da muke nufi. Iyaye maza kuma ku yi mana haƙuri mu faɗe shi ƙarara: jinin al'ada ne. Yarinyar da ba ta da audugar mata, ba ta da inda za ta keɓe ta gyara jikinta, ba ta da ruwa da sabulu, tana kuma tsoron ta miƙe a gaban aji a ga tabo a bayan rigarta, zaman gida ya fi mata sauƙi. Sai karatu ya wuce ta kaɗan-kaɗan. Darasin lissafin da aka fara ranar da ba ta nan, a kansa aka ɗora na gaba. Jarrabawa ta zo ta faɗi, a gida a ce ai dama ba ta da kan karatu, a cire ta. Mun ga wannan ya faru da yaran da muka san iyayensu, muka san irin ƙwaƙwalwar da Allah Ya ba su.

Mun san magana ce mai nauyi a baki. Amma Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma tambayoyin da suke kawowa har da na haila da wankan tsarki. Mata ne suka je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce maza sun rinjaye su a wajensa, ya ware musu rana. Ya ware musu, ya karantar da su. To mu wane ne da za mu bar kunya ta rufe mana baki, 'ya'yanmu na barin aji?

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Tun a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da ƙa'idar cewa kowace makaranta ta tanadi makewayi ɗaya ga kowaɗanne 'yan mata 25, da wani daban na malamai mata. Mu ɗaya muke da shi ga 'yan matan makarantar gaba ɗaya, shi ma babu ƙofa. Rahoton da hukumomin biyu suka fitar a 2024 ya nuna makarantu biyu ne kacal cikin biyar a duniya ke koyar da ɗalibai yadda ake kula da kai lokacin al'ada, kuma waɗanda suka ajiye kwandon zubar da auduga a makewayin 'yan mata ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Yawan masu fama da abu ba ya rage masa zafi. Namu ne a gabanmu, mu za a tambaya a kansa.

Ga abin da muke son yi da yardar Allah. Za mu gina jerin makewayi na 'yan mata, kowanne da ƙyaure da sakata ta ciki, da tankin ruwa a sama da wurin wanke hannu. A jikinsa za a haɗa ɗan ƙaramin ɗaki mai gado ɗaya da kabad, inda yarinyar da ciwon mara ya kama za ta kwanta ta huta ta koma aji, a maimakon a sallame ta gida. A kabad ɗin za a riƙa ajiye auduga, sabulu da rigar makaranta ta canji.

Wannan ɗaki yana da wani amfanin da ya sa muka nace a kansa. Wata ma'aikaciyar jinya cikin iyayen yara ta yi alkawarin zuwa duk mako kyauta, amma ta ce ba za ta duba 'yar mutane a gindin bishiya ba, kuma gaskiyarta. Ita ta ja hankalinmu ga ƙarancin jini. Ta ce mu lura da yarinyar da ke gyangyaɗi tun darasin farko, mai yawan jiri, wadda idan ka ja fatar idonta ta ƙasa ka ga ta yi fari fat. Mu da muke ɗauka lalaci ne. Kusan kashi 30 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma budurwar da ke girma tana zubar da jini duk wata tana cikin waɗanda ya fi kamawa. Maganin ba mai wuya ba ne. A wuraren da matsalar ta yi yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙwayar sinadarin ƙarfe da folik asid sau ɗaya a mako, a sha wata uku, a huta wata uku. A ɗakin ne kuma za ta zauna da iyaye mata ta yi musu bayanin rigakafin ƙwayar cutar HPV, wanda ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 don kare su daga sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe mata kusan 350,000 a 2022. Babu yarinyar da za a ba wa komai sai da sani da amincewar iyayenta.

Ba za mu wuce ba mu ambaci waɗanda suka riga suka yi ba. Lokacin da muka sake rufin azuzuwa, akwai wata dattijuwa, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa ko jika a makarantar nan. Ta zo da ɗan abin da ta ƙulle a bakin zanenta, ta kwance ta ajiye a kan teburin ma'aji, ta ce ita ba a sa ta makaranta ba, har yau sai ta nemi mai karanta mata takardar asibiti, ba ta so wata ta tashi haka. Ta hana a rubuta sunanta. Akwai birkilan da ya yi mana aikin har ya kammala, da aka miƙa masa ladansa ya mayar, ya ce a sayi siminti. Su kuma tsofaffin ɗalibanmu mata, da keken ɗinki ɗaya da aka ba su aro suke ɗinka audugar da ake wankewa a sake amfani da ita, suna koya wa ƙannensu ɗinkin duk ƙarshen mako. Yanzu har wasu cikin yaran sun iya yanka da kansu. Allah Ya saka musu da mafificin alheri, Ya jiƙan magabatansu.

Akwai kuma abin da ya ci mana rai, ba za mu ɓoye ba. A taron neman gudummawa na baya an cika fili, an karɓi lasifika an yi alkawura masu daɗin ji, an yi kabbara. Takardar tana nan a hannun ma'aji, kuma da yawan sunayen da ke cikinta har yau babu alamar biya a gabansu. Wata ƙungiya ma ta zo da motoci, ta jera 'yan matanmu ta ɗauki hotuna, ta ce za ta dawo. Shiru kake ji. Ba mu kama sunan kowa ba, ba kuma za mu kama ba. Mun san rayuwa ta yi tsada, wani ya yi alkawarin da zuciya ɗaya sai hali ya canza. Amma Alhaji, Hajiya, alkawari kaya ne. Abin da muke zuba wa waya na kati da data a wata guda, da za mu tsakuri wani abu daga ciki, da ƙyaure ya samu. Wanda 'yarsa ke makarantar da ke da komai, ya tuna 'yar maƙwabcinsa ce ke tsaye tana baza hijabi a bakin makewayi.

Manzon Allah ya ce wanda ya ɗauki nauyin 'ya'ya mata biyu har suka balaga, zai zo ranar ƙiyama shi da Annabi kamar haka, sai ya haɗa yatsunsa. Ya kuma ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, ciki har da sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi. Tankin ruwa a makarantar 'yan mata ya haɗa biyun.

Ba kuɗi kaɗai muke karɓa ba. Mai bulo ya kawo bulo, mai yashi ya kawo yashi. Muna buƙatar siminti, rodi, kwanon rufi, ƙyamare, bututu da tanki. Kafinta ko mai aikin famfo da zai ba mu yini guda, gudummawarsa ta kai ta kowa. Iyaye mata, ko sabulu ɗaya ne ko ƙunshin auduga ɗaya, a kawo, kada a raina. Duk abin da ya shigo ma'aji zai ba da rasit, kuma za a karanta lissafi a taron iyaye mai zuwa.

So muke a haƙa rami a zuba harsashi a cikin hutun nan, domin yara su dawo su tarar da ƙofar da ke rufuwa. Idan hutu ya wuce ba a fara ba, wani zangon za su sake yi a haka, kuma muna tsoron wasu daga cikin manyan ba za su dawo ba. Ma'aji da shugabar makaranta suna ofis kullum daga safe zuwa azahar. Wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa wa kowane ɗan kwamiti, za mu zo har gida mu karɓa. Limamai kuma muna roƙon a sanar bayan sallar Juma'a.

Allah Ya ba da ikon taimakawa, Ya mayar wa kowa da ninkin abin da ya bayar, Ya shirya mana zuri'a.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin Iyaye da Malamai