Wasiƙa daga Garwa ta Kamaru, ana tsakiyar hazo

Mutumina,

Jam na? Ya iyali, ya sanyin Kano? Shirun ya yi yawa, kai kuwa na san ko shekara za a yi ba za ka fara ɗaukar alƙalami ba. To ga albishir: an tabbatar da ni a ofishin yanayi na filin jirgin sama. Yanzu rahoton da matuƙa ke karantawa kafin su sauka Garwa, wani lokaci daga hannuna yake fitowa. Alhamdu lillahi.

METAR ake ce masa. Layi ɗaya ne tak, haruffa da lambobi a cunkushe. Da FKKR yake farawa, sunan filinmu ke nan a wurin matuƙa, na Njamena kuma FTTJ. Sai lokaci da agogon duniya, wanda muka riga da awa ɗaya. Sai iska: 05012KT, wato daga arewa maso gabas take kaɗowa da gudun not 12 (not shi ne ma'aunin gudun iska a wurin matuƙa). Daga nan sai lambar da ke hana ni barci, iyakar nisan da ido ke hangowa. In ka ga 9999, gari ya yi garau, kilomita 10 ko fiye.

Makon nan kuwa ƙurar Bodele ta taso daga arewacin Chadi ta lulluɓe mu. Da safe na fita na duba dutsen Tingilin, babu shi. Kafin hantsi ƙarshen titin jirgi ma ya ɓace, rana ta koma kamar farin faifai, kana kallonta ido ba ya zafi. Na rubuta 0800 DU, mita 800 cikin ƙura, gabana na faɗuwa. Akwai bawan Allah a sama da fasinjoji cike a bayansa, da lambar nan zai yanke shawara, ya sauka ko ya juya. Ya juya. Fasinjojin da ke jira a ƙasa suka yi ta mita, ni kuwa ko gobe abin da idona ya gani zan rubuta.

Kai da ko kwalekwalen Binuwai ba ka shiga sai an riƙe maka hannu, na san yanzu ka rantse ba kai ba jirgi! Af, Kawu ya mayar da Goggo, kuma akuyar nan ce dai ta sake haɗa su faɗa. Mai shayinmu ya ƙara benci, ya ce bashinka na nan a rubuce.

Abin da raina ke so yanzu shi ne TAF, hasashen awa 24 ko 30 masu zuwa. Wannan aikin manya ne, su ke cewa hadarin damina zai iso da la'asar, matuƙi ya ƙara mai tun kafin ya tashi. A EAMAC ake koyonsa, wato makarantar aikin yanayi da jiragen sama da ke Yamai, ta hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da ake kira ASECNA, kuma na ƙudura niyyar zama jarrabawar. Lissafi nake bita kullum bayan isha'i. Littafin nan naka mai koren bango, in yana nan, ka ba direban da ke zuwa ta Yola.

Ka gaida Hajiya da amarya, ka sa ni a addu'a.

Naka,
abokinka na Garwa