Ƙanwata ta share hotunan tafiyarmu da Baba

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Raina a ɓace nake rubuto miki. Ƙanwata ce ta share min hotuna a waya, kuma har yanzu gani take taimakona ta yi. Hotunan tafiyarmu Masar ne da Baba, Allah ya jiƙansa, tafiyar da bai sake yin wata bayanta ba. Ni ce na yi ta ɗauka, a dalar Giza, a bakin kogin Nilu, a masallacin Azhar, har suka kai dubbai. Ita kuwa a lokacin ba ta da aiki sai ƙorafin zafin rana.

Yayanmu ne ya ce a zaɓi guda 50 a wanke a yi albam. Na amince, ban taɓa cewa a'a ba. Amma Anti, duk hoton da na buɗe sai in ga yana da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Akwai wanda hannuna ya girgiza, bai fita sosai ba, amma a cikinsa ne kaɗai Baba yake dariya har haƙoransa a waje. Ita ta ce wai irinsa goma ne a wuri guda, ɗaya ya isa. Wallahi ba iri ɗaya ba ne.

Na manta ban faɗa miki yadda wayar ta shiga hannunta ba. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ne ya cika, kin san Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke rabawa, har imel ya daina shigo min. Sai ta ce ta iya gyarawa. Cewa na yi ta cire hotunan takardu da tarkacen da ake turowa ta WhatsApp, ban ce ta taɓa na Baba ba. Tun muna yara haka take, sai ta yanke hukunci a kan kayan mutum sannan ta ce shi ne ba ya iya rabuwa da komai.

Na duba, suna nan a kwandon shara na Google Photos. Waɗanda aka riga aka ɗora daga waya zuwa ma'ajiyar Google suna yin kwana 60 kafin su ɓace, waɗanda ba a ɗora ba kuwa kwana 30 ne kawai, kuma kwanakin tafiya suke yi. In na dawo da su duka, na koma gidan jiya, ga Yaya kullum sai ya kira yana tambayar albam.

Ta yaya mutum zai zaɓi 50 ba tare da ya ji kamar ya watsar da mahaifinsa ba? Wanda ya fi kyau zan bi, ko wanda ya fi tuna min da shi? Sannan ita, Anti, ko haƙuri ba ta ba ni ba. In kai ƙararta wurin Umma, ko in yi shiru kamar yadda na saba?

'Yarki mai neman mafita