Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alhajin Da Ya Leƙa Gonata

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar taron manoma a Argungu ka karɓi lasifika ka tambaye ni a bainar jama'a: in har jar shinkafar gargajiya da nake yabo tana yi ba tare da takin zamani ba, me Faro 44, sabon irin shinkafar zamani, take nema a gonata? Ka kuma ce so nake in mayar da mutane zamanin yunwa. Aka yi dariya, aka kira salla, ban samu bakin magana ba.

Maganar yunwa ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ka nuna ni mai fuska biyu a gaban mutanen da suka san ni tun ina saurayi a fadamar nan.

E, ina shuka Faro 44, da rani, inda ruwa yake hannuna da injina. Ban taɓa ɓoyewa ba, gonar a bakin hanya take, shi ya sa ma ka gan ta daga cikin mota. Da ka sauka ka tako zuwa kwarin da Gulbin Rima yake cikawa da damina, da ka ga ɗayar. Can Faro ba ta da ta cewa: gajera ce, ruwa ya haura kanta ya kwana biyu, shi ke nan. Jar kuwa ruwa na ƙaruwa tana miƙa kara tana bin sa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 a Kebbi ba sa bukatar in yi musu bayani.

Kashin shanu da laka da ambaliya take bari su ne abincinta. Ganyenta faffaɗa ne, yana rufe ƙasa da wuri, ciyawa ta rasa rana, sai kuɗin feshi ya zauna a aljihu. Faro kuwa an ƙirƙire ta ne don ta ci yuriya. Hana ta, ka ga yadda take ramewa. Na san wannan bayani ba zai yi wa mai shagon taki daɗi ba, ranka ya daɗe, amma Allah ya sa ba shagon ne ya yi tambayar ba.

Aibin jar ba sai ka tona ba. Tana kwanciya, tana zubar da ƙwaya in aka makara yanka, tana karyewa a inji, kuma ba ta kai Faro buhu in an wadata Faro da taki. Sai dai ni ba buhu nake ƙirgawa ba, abin da ya rage bayan an biya bashi nake ƙirgawa.

Kuma ba ni na fara ganin darajarta ba. Shinkafar Afirka ce, wadda aka fara nomawa a fadamun Kogin Kwara a ƙasar Mali shekaru dubbai da suka wuce. Ita Dakta Monty Jones na Saliyo ya aura da ta Asiya aka samu sabon irin shinkafa mai suna Nerica, har aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004. Shi ma yunwa yake so ya dawo da ita?

Abin takaici, tun da aka ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, kowa sabon iri yake nema. Tsofaffin da suke ajiye na gado a rumbu suna ta ƙarewa, 'ya'yansu ko sunayen irin ba su riƙe ba. Ni kaina akwai iri biyu na mahaifina da na nema ƙauye-ƙauye ban samu ba.

Ka zo cikin Satumba, Alhaji. Zan tanadi kwalekwale, don motar ba za ta kai ba.