Tsohon cocin Escomb da sabon da ya gaje shi

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta sharhin da kuka buga kan tsofaffin gine-ginen Turai, sai na ga manyan majami'un birane kaɗai aka lissafo. A ba ni ɗan fili in ambaci wani ƙarami da ke arewacin Ingila, inda nake zaune.

Escomb ƙauye ne a bakin kogin Wear, kusa da garin Bishop Auckland a yankin Durham. An gina cocinsa wajen shekarar 675, kuma har yau ana ibada a cikinsa. Faɗinsa bai kai mita 5 ba, amma bangon ya miƙe kusan mita 7, ga 'yan tagogi can sama, tsukakku ta waje, masu faɗi ta ciki.

Duwatsun ne suka fi ɗaukar hankalina. Maginan ba su wahalar da kansu da sassaƙa ba, sun kwaso su ne daga kangon sansanin sojan Rumawa da ke Binchester, nan kusa. A bangon arewa akwai wani dutse mai rubutun "LEG VI", wato runduna ta shida, an ɗora shi a kife. Maginin ba ruwansa da rubutu, dutse yake nema. Masana da dama na ganin hatta bakan gizon dutse (wato ƙofa mai lanƙwasa) da ke gaban bagadi, teburin ibada, ɗungurungum aka ciro shi daga ginin Rumawa. A bangon kudu kuma akwai agogon rana mai zane uku kacal. Ba don ƙidayar awoyi aka yi shi ba, lokutan addu'a yake nunawa, kamar yadda ake duba inuwa a san azahar ta yi.

A ganina, talauci ne ya tsare cocin. Da ƙauyen na da kuɗi, da tuni wani ya faɗaɗa shi ya ɓata. Da haƙar kwal ta tara jama'a, a 1863 aka gina sabon coci babba, aka yi watsi da tsohon har rufinsa ya fara zubewa, sai wajen 1880 aka gyara shi. Daga baya masu zuwa ibada suka ragu, kula da babban ya gagara, aka koma tsohon. Sabon kuwa, a 1971 aka rushe shi.

Naka,
Wani mai karatu daga Durham