Zuwa ga Sani a Beljiyam

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin can? Wata huɗu ko kiran minti ɗaya babu. Bakano dai Bakano ne, katin waya ma sai an buga lissafi!

Tun Asabar raina a ɓace yake. Ka tuna waƙar da na rubuta kan zanen soron kakanmu, mai dagi da takobi da keke? Na karanta ta a taron marubuta, sai wani dattijo ya miƙe ya ce waƙar da ta jingina da zane 'yar rakiya ce, mai ido ya je ya kalli bangon kawai. Daren nan ban runtsa ba.

Sukar ai tsohuwa ce. Tun 1766 wani Bajamushe, Lessing, ya raba musu gado: zane tsaye yake, ido ya kwashe shi lokaci guda, waƙa kuwa tafiya take, don haka kowa ya tsaya a gonarsa. To amma dubi abin da Auden, wani marubucin waƙa ɗan Ingila, ya yi. A Disambar 1938 ya shiga gidan adana zane-zane na Brussels ɗinku, ya tsaya gaban hoton faɗuwar Ikarus, yaron tatsuniyar Girkawa da ya tashi sama da fukafukai ya faɗo teku, hoton da ake danganta wa mai zane Bruegel. Manomi ya cika gaban hoton, ya duƙufa kan garmarsa. Makiyayi ya ɗaga kai sama, jirgin ruwa na wucewarsa. Yaron da ya faɗo fa? Ƙafafu biyu ne kurum can ƙasa ta hannun dama, suna nutsewa. Sai ka gama kallo ba ka gan su ba. Waƙar da Auden ya rubuta kan hoton ce ta kama haɓar mai kallo ta juyo da shi: ga wani na mutuwa, kowa na sabgarsa. Shekara ba ta zagayo ba yaƙin duniya ya ɓarke. Daga baya masana suka ce da alama hoton kwafi ne, ba hannun Bruegel ba. Waƙar ko gezau.

Af, Ladidi ta sauka, namiji, suna ranar Juma'a. Bala kuma ya sayar da babur ya faɗa kiwon kaji, Inna sai faɗa take.

Don Allah ka ɗauki Maman Ummi ku je gidan zane-zanen nan. Kada ka gaya mata komai, ka duba agogo ka ga minti nawa za ta yi kafin ta gano ƙafafun, ka rubuto mini.

Jiya na leƙa soron. Damina ta cinye tayar keken ta baya, yanzu a baiti na uku kaɗai take.

Naka,
Aminu
Zariya