Zuwa ga ɗana mai ajin dare: amsar tambayar da ka yi mini a rediyo

Assalamu alaikum, ɗana. Ina fata kana lafiya, kai da sauran 'yan ƙungiyarku.

Ranar da ka bugo waya cikin shirin nan, lokaci ya ƙure ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. Ka ce kun buɗe ajin yaƙi da jahilci kyauta a firamaren unguwarku, kun sayi littafi da fensir, amma waɗanda suka cika ajin samari ne da suka taɓa yin boko suna son gyara jarrabawa. Matan kulle, zawarawa, 'yan ga-ruwa, makafi da Fulanin da ke bayan gari, ko ɗaya bai leƙo ba. Ka rufe da cewa, "Hajiya, dole za a yi musu ne?"

Ba za a yi musu dole ba, kuma ba ƙin karatu suke yi ba. Ajin naku ne ba kyauta ba a wurinsu.

Ɗauki ɗan ga-ruwa. Tsakanin la'asar da isha'i ne matan gida ke neman ruwan girki da na wankan yara, a lokacin yake samun abin da zai ci har ya aika gida. Ka ce ya jingine kurarsa ya zo ya zauna awa biyu, ka ci shi tarar jarka goma ke nan, ga ƙafa ta yi tsami. Sannan ina za ka zaunar da shi? A kan bencin 'yan aji biyu, gwiwa na dukan tebur, yaran unguwa na leƙe ta taga suna dariya. Magidancin da ɗansa ke zama a kan wannan benci da safe ba zai hau shi da dare ba, ko da kuɗi za ka biya shi. Kunyar nan ba ƙarama ba ce. Na sha ganin dattijo ya riƙe fensir kamar zai yi kaftu, gumi na tsattsafo masa, idonsa na kan ƙofa kada wani sananne ya wuce.

Batun mata shi ne na fi sani, don a cikinsa na tsufa. Matar aure ba ta fita da dare, wannan kai ma ka sani. Ɗan lokacin da take da shi tsakanin azahar da la'asar ne, bayan an sauke tukunyar rana kafin a ɗora ta dare, shi ma in ba ta ɗinkin hula ko tuyar awara. Kuma ba ita ke da ta cewa ba. Wanda za ka roƙa maigida ne, shi kuwa ba zai saurari saurayi da ya zo yana maganar matarsa ba. Liman zai saurara, ko mai unguwa. Abin da ya yi mana aiki shi ne a sami gidan wata dattijuwa da kowa ya yarda da ita, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, malama mace, a bar kowa ta zo da goyonta. Kada a ce sai an yi shiru. Ajin da ba ya jure kukan jariri ba na matan aure ba ne.

Wannan dabara ba daga Turai ta zo mana ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su zo Sakkwato su zauna a gabanta kullum ba. Ta zaɓi dattawan mata, ta naɗa su jaji, wato jagororin ayarin mata masu neman ilimi, ta ɗora musu malfa don a san da izini suke tafe. Su ke zuwa da 'yan rakiyarsu su haddace waƙoƙin karantarwa, su koma su kai wa matan da aure da raino suka tsare a gida. 'Yan Taru ke nan. Ta lura da wadda za ta iya tafiya da wadda ba za ta iya ba, ta ɗora aikin a kan haka.

Su ma makafi da guragu da kutare ba a warwatse suke ba. A yawancin manyan garuruwanmu suna da sarkinsu, kuma maganarsa ta fi takardar sanarwa da kuka liƙa a bango, wadda dama ba ta da amfani ga wanda bai iya karatu ba, balle wanda ba ya gani. Ku je ku gaida Sarkin Makafi, ku tambaye shi lokacin da mutanensa ke gida. Rubutun makafi na shafawa da yatsa ya daɗe a Arewa, tun makarantar makafi ta Gindiri ta 1953, kuma akwai waɗanda suka gama irin waɗannan makarantu suna zaune ba aiki. Su za ku ɗauka su koyar. Haka kurame, suna da maganar hannu tasu, sai malamin da ya iya ta. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a 2019 ta ce gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa ga kowa, amma je ka ƙirga matakalar ajinku ka gaya mini yadda mai keken guragu zai hau.

Na Fulani ba zan tsawaita ba. Ta hannun Arɗo ake shiga, da Fulatanci ake farawa, kuma aji ne ke bin ruga. Akwai hukumar ilimin makiyaya tun 1989, hedikwatarta a Kaduna, ku neme su.

Sai abin da za a koya. Babba ba ya zuwa aji don satifiket. Yana so ya daina dangwala yatsa a banki, ya karanta alat da kansa kada mai POS ya cuce shi, ta gane adadin cokalin maganin da za ta ba yaro, ta rubuta wa ya zuba adashi wa bai zuba ba. In mako biyu suka wuce ana ta rera baƙi da wasali ba ta rubuta sunanta ba, ba za ka sake ganinta ba. Kuma ku tambaya kafin ku fara: da yawansu sun yi allo, wasu na rubuta ajami tsaf. Wanda ya san fatha da kisra, awa ɗaya ta ishe shi ya gane aikin wasali. Ɗaukarsa kamar bai taɓa ganin harafi ba raini ne, kuma yana ji a jikinsa.

Wani abin da magabata suka fi mu: a shekarun 1950, da aka ƙaddamar da yaƙi da jahilci a Jihar Arewa, hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina, don wanda ya koya ya sami abin karantawa. In babu wannan, damina ɗaya ta isa karatun ya zube. Yau abin karantawar yana aljihun kowa, wato waya, sai ku sa ta cikin darasi.

Ban ce ku kori samarin nan ba, su ma haƙƙinsu ne. Amma kada ku rubuta su a rahoto a matsayin waɗanda aka ceto. Ku zaɓi rukuni ɗaya kawai a bana, ni da zawarawa zan fara, don su ne ke da ikon fitarsu kuma su ne buƙata ta fi ƙona. Kowace jiha na da hukumar ilimin manya, ta Kano tun 1980 zamanin Abubakar Rimi. Ku yi rajista da taku, ku nemi littattafai. Malamar da za ku ɗauka kuwa, ku tanadi alawus ɗinta na wata shida kafin a buɗe, don jinkirin biya ya kashe ajujuwa fiye da rashin ɗalibai. In kun sami gidan da za a zauna, ku aiko mini, zan zo ranar farko in taya ku magana da mazajen unguwa.

Wassalam,
Uwarka, tsohuwar malamar yaƙi da jahilci